Jakunan taki: labarin sharar birnin Kano

Mutanen ƙasar Arewa da yawa sun san Kano. In an gama aikin gona, an ɗaure hatsi an sa rumbu, samari suna tafiya bida. Wasu su nufi Legas, wasu su tsaya Kano. In sun komo gida da faɗuwar ruwa, suna ba da labarin yawan mutane da yawan kasuwanni. Suna kuma ba da labarin jibji mai tsawon soro, da kwata mai baƙin ruwa, da leda ko'ina.

Wanga jibji shina da tarihi. A da, sharar Kano dukiya ce. Ana ɗaukarta bisa jaki, ana kai ta gona, har ana biyan kuɗi a kanta. Manomi da makiyayi sun fi kowa gane wanga labari, don labarin taki ne.

Kano tsohon birni ne ƙwarai. Tarihin sarakunanta ya ce sarki Gijimasu ya fara ganuwa, shekara wajen 900 ke nan. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara faɗinta, ya kafa kasuwar Kurmi. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Kano ta shiga daular Sakkwato. Sarauta tana Sakkwato, amma kasuwa tana Kano. Fatake suna zuwa daga Agadas, da Borno, da Gwanja, da bayan hamada.

Duk inda mutane sunka taru, su da dabbobinsu, sai kashi da toka da ruwan wanki su taru. A ƙauye abin da sauƙi. Daji na kusa, gona na kusa. Cikin birni mai ganuwa da ƙofofi, dole a san inda za a kai su.

Kududdufi da Jakara

Gidajen Kano na ƙasa ne. Ganuwa ma ta ƙasa ce. Duk ƙasar nan cikin birni anka haƙo ta. Inda anka haƙa, rami ya zamna. Damana ta zo, ruwa ya cika ramin. Shi ne kududdufi. Kusan kowace unguwa tana da nata.

Kududdufi shina da amfani. In an yi ruwa mai ƙarfi, can shike gangarawa, ba shi shiga ɗakunan mutane. Da rani magina suna kwaɓa ƙasa da ruwanshi. Amma ya zama mazubar komi. Matacciyar akuya, ruwan kwata, sharar gida, duka can. Sauro kuma ya samu gidan haihuwa.

Tsakiyar birnin akwai wani rafi mai fadama, sunanshi Jakara. Kasuwar Kurmi tana bakinshi. Wani Bature, Kalafatan, ya shigo Kano a 1824. Ya rubuta cewa fadamar ta kusa raba birnin biyu. Ya ce ita da ramukan da anka haƙa don gini suna kawo ciwo, kuma magudanan gidaje cikin hanya suke zuba, wari ya cika wuri. A 1851 wani Bajamushe, Barth, wanda ya sa ma kanshi suna Abdul Karim, shi ma ya zo. Ya ƙiyasta mazauna birnin mutum 30.000, ya ce suna ninkawa lokacin da fatake sunka cika gari. Shi ma ya yi kukan Jakara.

Baƙin nan biyu gaskiya sunka faɗa. Amma baƙo abin da ke bisa hanya shike gani. A shekarun nan manyan biranen ƙasarsu ma cikin wari suke. Za a zo ga wannan.

Abin da ba a yarwa

Cikin gida, mutanen birni suna da salga. Rami ne mai zurfi a bayan gida, an rufe bakinshi da itace da ƙasa, an bar ƙaramar kafa. In ta cika a rufe ta, a haƙa wata. Bayan ta daɗe, abin da ke ciki ya bushe ya zama baƙar ƙasa, sai a kwashe.

Sauran shara ta wancan zamani duk mai ruɓewa ce. Kashin awaki da tumaki da ake kiwo cikin gida. Kashin dawakin sarakai. Toka, da dusa, da ƙaiƙayi, da guntun kara, da tsohuwar tabarma. Abinci a ganye ake ƙunsa shi, ko a zuba a ƙwarya. Ƙwarya in ta fashe a ɗinke ta. In ta ƙi ɗinkuwa a yar, ƙasa ta cinye ta.

Masu sana'a kuma suna cin sharar juna. Ga misalin marina. In an daɗe ana rini, wani laka shina zamnawa gindin karofi. Marina su kwashe shi, su shanya, su ƙone. Sunanshi katsi. Majema kuma, in sun cire gashi ga fatar akuya, ba su yar da shi. Magini shi ɗauki katsi, shi gama da gashin jima da ruwan dafara. Shi ne laso, sumuntin mutanen da. Da shi ake shafe rufin soro da cikin karofi, ruwa ba shi ratsawa. Majemi ma da kashin kaji ko na tantabara shike tausasa fata. Mata suna tace ruwan toka don miya da sabulu.

Wurin yanka, ungulu ce ma'aikaciya. Mahauta su yanka, su watsar da abin da ba a so, kafin la'asar ta share wurin. Ba a biyanta ko dala. Yau ungulu ta yi wuya a kasuwanni da yawa. Guba da masu farautarta don magani sun rage ta ƙwarai. A 2015 masana tsuntsaye na duniya sunka sa ta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Tsofaffi na iya tuna yawanta a mayankar kasuwa, su gwada da na yau.

Jaki shi shigo da itace, shi fita da taki

Babban aikin kuwa jakuna ke yin shi. Kewayen Kano ƙauyuka ne maƙil. Mutane sun yi yawa, gonaki ƙanana. Ba wanda ke da filin da za shi bari shi huta shekara 3 ko 4. Gona guda ake nomawa bana, a noma ta baɗi, uba shi bar ma ɗa, ɗa shi bar ma jika. Duk manomi ya san abin da ke samun gonar da ba ta hutawa. Hatsi shi yi ja, zangarniya ta ƙanƙance, ƙuduji shi rufe wuri. Amma gonakin kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna ba da dawa da hatsi da wake.

Asirin shi ne taki. Da rani, tun da asuba, manomi shi ɗora ma jakinshi itace, ko kara, ko harawa. Shi shigo birni ta ƙofar da ke kusa da shi, shi sayar. Ba shi komawa da mangala wofi. Shi biya gidan da ya saba, ko jibjin unguwa, shi cika ta da taki. Wani wuri kyauta ne, don mai gida so shike a rage mashi. Wani wuri sai an biya, ko a kawo ma mai gida damen dawa da kaka. A gona a sauke tsibi-tsibi, a bari sai ruwa ya kusa, a baje.

Wani malamin jami'a ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya daɗe shina binciken noman kewayen Kano. Wajen 1969 an tsaya ƙofofin birni an ƙirga. An samu jakuna fiye da 1000 suna fita da taki kowace rana cikin rani. Mai jaki shi lissafa da kanshi. Mangala 1000 yau, 1000 gobe, har rani shi ƙare.

Wanga tsari ba sarki ya kafa shi ba. Ba a ɗauki ma'aikaci ko guda ba. Manomi na bukatar taki, mai gida na bukatar a kwashe mashi shara, jaki kuma dole shi koma gida. Abin da gona ta ba birni, birni ya mayar mata. Gonakin da ke nesa, inda jaki ba shi iya zuwa shi komo rana guda, ba su samu wannan rabo ba. Su sai takin dabbobin gida da na shanun Fulani.

Mutanen Arewa sun san irin wannan. Kowa ya san hatsin da ke fita a kufai, inda gari ya taɓa zama. Kowa ya san abin da ya sa ake ba Bafillace dame don shanunshi su kwana gona bayan girbi. Kano dai ta yi shi da yawa ne, kuma kullum.

Zamanin Nasara da duba-gari

Sojan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Gyaɗa ta zama kuɗi, baƙi sunka yi ta zuwa. Wajen 1913 anka yanka masu Sabon Gari bayan ganuwa.

Nasara na tsoron masassara ƙwarai. A 1897 wani lokotoronsu, Ronald Ross, ya gano cewa sauro ke ɗaukar ta. To, da sunka zo Kano, ba kududdufan birni sunka fara gyarawa ba. Kansu sunka fara tsarewa. Sunka gina unguwarsu a Nasarawa, nesa da mutane. Dokarsu ta 1917 ta ce a bar fili wofi, wajen mita 400, tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata. Wai kar sauron talaka shi kai ga Bature. Masu dafa masu abinci da masu yi masu wanki kuwa a bayan gidajensu suke kwana. Sauro bai san doka ba.

A Sabon Gari da gidajen ma'aikata anka kawo salgar bokiti. Da dare wasu mutane su bi gida-gida, su ɗauki bokitin bisa kai, su kai bayan gari a binne. Aiki ne mai wuya, mai cuta, ga rainin mutane.

Daga baya abubuwa sun ɗan canza. Zamanin sarki Abdullahi Bayero, a 1931, anka buɗe ruwan famfo da lantarki, ana jawo ruwan daga kogin Calawa. Da kuɗin baitulmalin Kano anka yi aikin, wato harajin talakawa. A 1932 anka buɗe makarantar koyon aikin tsabta. Daga nan duba-gari ke fitowa.

Tsofaffin Kano har yau suna tuna duba-gari. Shi shigo gida, shi buɗe randa, shi leƙa. In ya ga ƴaƴan sauro ciki, a zubar da ruwan, a ci mai gida tara. Shi duba salga, shi duba kwata. In an ji shina unguwa, mata su tashi da tsintsiya. An samu tsabta, amma ta tsoro ce. Mutane da yawa ba a gaya masu dalili ba. Abin da sunka sani shi ne tara. Ranar da duba-gari bai zo ba, randa ta koma yadda take.

Biranen Nasara su ma

A London, babban birnin Ingila, kwalara ta faɗa wata unguwa a 1854. Cikin ƴan makwanni mutum fiye da 600 sunka mutu. Manyan gari na cewa wari ne ke kawo ta. Wani lokotoro, John Snow, ya bi gidajen mamatan ɗaya-ɗaya, shina tambayar inda suke ɗibar ruwa. Ya tarar kusan duka rijiya guda suke sha. Ya sa anka cire hannun famfon rijiyar. Da anka tona, sai ga ramin salga dab da ita, tsakaninsu bai wuce taki guda ba. Salgar tana yoyo cikin rijiyar. Ruwan kuwa garau shike ga ido, mutane har yabon daɗinshi suke.

A Paris kwalara ta kashe mutum wajen 18.000 a 1832. Can ma ana kwashe salga da dare, a kai bayan gari, a shanya, a sayar ma manoma. A 1884 gwamnan birnin ya tilasta ma masu gidaje su aje abin zuba shara mai marfi. Sunan gwamnan Poubelle. Mutane sunka ji haushi, sunka laƙa ma abin sunanshi. Shi ne pubel ɗin da ake faɗi a Yamai da Dosso. Sunan mutum ne.

Leda ta shigo

Bayan 1960 Kano ta yi girman da ba a taɓa gani ba. Birnin da Barth ya ƙiyasta mutum 30.000, yau ana ƙiyasta shi sama da miliyan 4. Gonakin da ke bakin ganuwa sun zama unguwanni. Gona ta yi nisa, jaki ba shi iya zuwa shi komo. Motoci sun cika hanya, sun kore shi.

Kududdufai da yawa an cike su da shara, an yi gini bisansu. Sauro ya ragu wani wuri. Amma ruwan sama bai samu wurin zuwa ba. Yanzu in an yi ruwa mai ƙarfi, hanya da gidaje shike shiga.

An gina masana'antu a Bompai, da Sharaɗa, da Calawa. Cikinsu akwai manyan majemu. Su ba da bagaruwa suke jima ba, da magungunan Turai ne masu guba. Ruwan Bompai shina bin rafin Getsi shi faɗa Jakara. Masu lambu suna bakin rafin, da ruwan nan suke ban ruwan salati da kabeji, don babu wani.

Sai leda. Ita ce ta ɓata tsohon ciniki tsakanin birni da gona. Ba ta ruɓewa. Tana toshe kwata. A gona tana hana ruwa shiga ƙasa, tana naɗe saiwa. Tare da ita akwai fasasshen kwalba, da gwangwani, da mataccen pil, da allurar likita. Duk da haka manoman kewayen Kano ba su bar sharar birni ba, don takin zamani ya yi tsada. Suna biyan direban tifa shi juye masu mota guda a gona. Daga nan mai gona da ɗiyanshi su zamna su tsince leda da hannu. Aikin da kakanninsu ba su sani ba ke nan.

Gwamnati ta gwada ƙarfi. A watan Yuli na 1985, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, mataimakinshi Tunde Idiagbon ya zo Kano ya buɗe yaƙi da ƙazanta na ƙasar Najeriya duka. Anka sa kyautar naira miliyan 1 ga babban birnin jihar da ya fi tsabta. Anka rushe rumfunan talakawa da yawa da ke bakin hanya. Wata guda bayan haka anka kifar da gwamnatin. Abin da ya saura shi ne sharar Asabar ta ƙarshen wata, inda ake hana fita da safe don kowa shi share ƙofar gidanshi. Mutane su yashe kwata, su tara bakin hanya. In mota ba ta zo ba, ruwan farko shi mayar da komi cikin kwatar. A 2003 jihar Kano ta kafa hukumar kwasar shara mai suna REMASAB. Motocinta ba su taɓa kamo yawan sharar ba.

Geceme ba Kano ba ce, amma

Geceme da Tibiri da Dogon Dutsi suna girma su ma. Gidaje na matsuwa, daji na ja da baya. Ranar kasuwa, in an watse, iska na kwasar leda ta rataya ta ga ƙaya da dangar gonaki. Makiyaya sun san sauran labarin. Tunkiya ta yi ta ramewa, tana ci ba ta ƙiba, cikinta a kumbure. Ranar da anka yanka ta, a tarar da dunƙulen leda cikin tumbi. Nijar ta yi doka a watan Nuwamba na 2014, ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita. Ledar tana nan kasuwa.

Zancen rijiya ya fi na leda gaggawa. Cikin Dallol Mawri ruwa kusa shike, ƙasa kuma rairayi ce. Albarka ce ga mai rake da mai rogo da mai garka. Amma abin da ya shiga rairayi shina tafiya da sauri. Salgar da anka haƙa kusa da rijiya, ko anka zurfafa ta har ta taɓa ruwa, ita ce irin ta unguwar nan ta London. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar mita 30 tsakanin salga da rijiya, wato taki 40 na babban mutum. Gindin ramin kuma shi tsaya sama da ruwa da mita 1 da rabi ko fiye, a auna da damana lokacin da ruwa ya taso. Inda ruwa ya yi kusa ƙwarai, a ɗaga salgar sama da tubali maimakon a nutsa ta ƙasa.

Kwalara ba labarin Turai ba ce kaɗai. Ta shigo Afirka ta yamma a 1970, kuma tun daga nan tana komowa. A 2021 ta kama mutum fiye da 5000 a Nijar, fiye da 150 sunka rasu, kuma jihar Dosso na cikin inda ta taɓa. Mai zawo kamar ruwan shinkafa da amai, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a kai shi likita nan take. Cutar tana iya kashe babban mutum cikin yini guda.

Salgar da ta cika kuwa ba asara ba ce. Mutanen Kano na da sun san haka. A zuba toka da ƙasa, a rufe ta sarai, a bar ta shekara 2. Ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki lokaci suke so kafin su mutu. Wanda ya kwashe ɗanye ya kai garka, cuta ya kai ma masu cin ganyen. Wanda ba shi son taɓawa ko bayan shekara 2, shi shuka mangwaro ko lemu bisa ramin.

Jibjin gida ma haka. Kafin a ɗora shi bisa amalanke cikin rani, ana ware leda da kwalba da pil gefe guda tun a gida. Tsince su a tsakar gida ya fi sauƙi bisa ga tsince su bayan an baje a gona. Pil ba a ƙone shi, ba a yar da shi kusa da rijiya ko inda yara ke wasa. A tara shi cikin tsohon gwangwani mai marfi. Sauran, wato toka da kashin dabbobi da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida, a zuba su rami guda, ana yayyafa ruwan wanke-wanke, ana juyawa lokaci-lokaci. Wata 3 zuwa 4 ya isa shi yi baƙi, warin shi tafi, a kai gona kafin ruwan shuka.